Hawan Keke a Turbar Dutse

Duk wanda ya bar kwalta a ƙasar Dutsin-Ma, ya bi hanyoyin ƙafa da ke ratsa gonakin Kuki har wajen Kurfi, ya san ƙasar nan ba ta barin mahayi ya yi gyangyaɗi bisa sirdi, gama nan falalen dutse ne ya leƙo, can tsakuwa ce da marmara, gaba kaɗan kuma rairayin ƙorama wanda ke haɗiye taya har sai mutum ya sauka ya tura. A kan wannan turba manomi ke ɗaure buhun gero a kariyar tsohon Raleigh ko Phoenix, keken da ba shi da giya, birkinsa na sandar ƙarfe, ya kai shi kasuwa ya komo, bai kuwa taɓa raya wa ransa cewa ya yi wata bajinta ba.

Abin da yake yi bisa larura, shi ne wasu samari a jihar Kalifoniya ta Amurka suka mayar wasa. Cikin shekarun 1970 suka riƙa tsinto tsofaffin kekuna masu kaurin taya, suna gangarowa da su daga tsaunukan Marin, har a 1976 suka soma tsere a wani gangare mai tsanani, wanda kafin a kai gindinsa giris ɗin birkin baya ya ƙone saboda zafi, sai an kwance an sake cusa sabo. A 1977 ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera keke musamman domin wannan aiki, a 1981 kamfanin Specialized ya fitar da irinsa kasuwa da yawa, a 1996 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta.

Babbar mas'ala a wannan wasa ita ce ta iskar taya, kuma a kanta ne hankali ke saurin yaudarar mai shi. Galibin mutane suna zaton in an bunƙasa taya ta yi tauri, keke zai fi gudu. A kan kwalta akwai ƙamshin gaskiya a zancen, amma bisa dutse taya mai tauri tsalle take yi a kan kowace tsakuwa, alhali tayar da ke sama ba ta riƙo, ba ta kuma jin birki. Mai faɗi wadda aka rage wa iska kuwa lanƙwashewa take yi ta rungumi dutsen, ta shanye girgizar da da ta tafi ga hannun mahayi. Sai dai ragewar tana da haddi, domin in iska ta yi ƙaranci, kaifin dutse zai matse tiyub a jikin rim, ya huda shi wuri biyu kusa da juna kamar saran maciji, kuma duk mai faci da ya ga hudar nan ya san ba aikin ƙaya ba ce. Ƙaya kuwa, musamman tsidau, illarta dabam. Shi ya sa aka ƙago tayar da ba ta da tiyub, ana zuba mata wani ruwa mai danƙo wanda ke toshe ƙaramar huda tun mahayi bai ankara ba.

Gangare ma da hukuncinsa. Birkin gaba shi ne mafi ƙarfi, saboda nauyi gaba yake komawa in an kama, amma wanda ya damƙe shi gaba ɗaya yana zaune sak bisa sirdi, to, ta kan keken zai wuntsila. Gwanaye sukan miƙe bisa feda, su ja jiki baya, su sassauta gwiwa da hannu, su kama birki a hankali tun kafin su shiga wuri mai wuya. Busasshen fa yana riƙe taya sarai. Abin tsoro shi ne rairayin da iska ta shimfiɗa a kansa, ko gansakukar damina.

A ganina ƙasar Dutsin-Ma ba ta rasa abin da wannan wasa ke bukata ba, ga duwatsu, ga gefen madatsar Zobe da aka kammala a 1983, ga ɗimbin matasa tun da aka kafa jami'ar tarayya a garin a 2011. Amma fa turbar tana da masu haƙƙi tun asali, wato manomi da makiyayi da yarinya mai tallan nono, kuma tayar da aka ja da birki a jiƙaƙƙiyar ƙasa tana barin layin da ruwan sama zai bi ya mayar kwazazzabo a bakin gonar wani. Haka nan rashin aminci da ya addabi garuruwan da ke maƙwabtaka da dajin Rugu ya sa a yanzu ba kowace turba ake bi ba, sai an tambayi mai unguwa.