Jirgin Kara Da Ilmin Awo Da Ke Cikinsa

Jama'a, wanda ya ratsa Kadawa ko Kura bayan an girbe dawa, ba zai rasa ganin yara a bakin magudanar ruwan Tiga ba, suna fere kara suna haɗa jirgin sama. Waɗansu malamai kan bugi almajiransu a kan wannan, wai shiririta ce. Muna roƙo a sassauta, gama akwai ilmi a ciki.

A Ƙurɗuba ta Andalus an yi wani masani, Abbas bin Firnas, wanda ya rasu a shekarar 887 ta Miladiyya. Al-Maƙƙari ya ba da labarinsa, cewa ya ɗaura fukafukai ya tashi, amma wajen sauka ya ji ciwo a baya, don bai yi wa kansa wutsiya ba. A 1804 kuma wani Bature na Ingila, George Cayley, ya ƙera ɗan jirgi marar inji, ya sa masa wutsiya da wani ɗan nauyi a goshi wanda a ke matsarwa gaba ko baya.

Irin wannan ɗan jirgi har yau ana gasarsa a ƙasashen Turai da Amurka, cikin manyan ɗakuna inda iska ba ta kaɗawa. Da icen balsa a ke yinsa, mai sauƙi kamar totuwa. Mutum ya jefa shi da hannu, wanda nasa ya fi daɗewa a sama shi ya ci.

To, ga inda gizo ke saƙa. In jirgi ya yi nauyi zai hau sama da nisa, kamar dutse, amma da wuri zai sauko. In ya yi sakwat zai sauko a hankali, sai dai jifa ba ta kai shi ko'ina, kamar wanda ya jefi shirwa da auduga. Saboda haka tsawon rufi shi ke yanke hukunci: ɗaki mai rufin da bai kai mita 8 ba marar nauyi ya ke so, mai rufin da ya wuce mita 30 kuwa sai an ƙara masa jiki. Falken da ya taɓa daidaita mangala a bayan jaki ya san sauran, watau ba yawan kaya kaɗai ba, har da inda aka aza shi. Goshi ya yi sauƙi, jirgi ya ɗaga kai ya tsaya cak ya faɗo. Ya yi nauyi, ya kifa ƙasa.

Wajen jifa, mai hannun dama kan sa manuniya a bayan fiffike, ya cilla sama a karkace zuwa dama, sa'an nan jirgin ya mirgina a ƙololuwa ya kama kewayawa ta hagu.

Na yaranmu yawanci ba su tashi, don kamanni a ke bi, ba awo ba. Wanda ya ke so nasa ya tashi, sai ya yi gangar jikin da sille, fukafukai da wutsiya da takarda mai kauri, ya manna kakin zuma kamar ƙwayar gero a goshi, ya gwada a zaure, yana ƙarawa yana ragewa har ya ga ya sauka a miƙe.