ƘAIƘAYIN KARE: YADDA A KE GANO SANADINSA DA YADDA A KE LURA DA SHI

A garuruwa da ƙauyuka da rugage mutane su kan ajiye kare saboda gadin gida, ko tsaron dabbobi, ko farauta. Karen da ya kwana yana susa kuwa ba ya iya ko ɗaya daga cikin ayyukan nan. Ya kan rame, gashinsa ya zube, fatarsa ta yi gyambo. Daga bisani mai shi ya gaji ya kore shi, ya shiga yawon juji inda ba mai yi masa allurar rigakafin hauka, ya zama haɗari ga yaran gari. Saboda haka a ke so hakimai da malamansu su fahimci wannan al'amari, su bayyana wa dagatai da masu unguwa.

Abin da za a fara sani shi ne, ƙaiƙayi alama ce, ba cuta guda ba ce. Abubuwa da dama su kan kawo shi, a ido kuwa duk kamanninsu ɗaya. Ba a rarrabe su sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, a fara da mai sauƙi.

BORIN JIKI

Akwai wani hali da likitoci ke kira alaji, sunan da wani likitan ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, ya raɗa masa cikin 1906. Watau jiki ya ɗauki abin da ba shi da lahani tamkar abokin gaba, ya tashi faɗa da shi. Borin jinin da ke fito wa waɗansu mutane bayan sun ci wani abinci irinsa ne. A jikin kare yawanci a fata ya ke bayyana. Ba a ɗaukarsa daga wani kare, kuma ba ya kama mutum. Abubuwa uku ne su ka fi tayar da shi: yawun ƙuma, da abinci, da abin da ke cikin ƙura da iska.

NA FARKO, ƘUMA

Ƙuma ita ce a kan gaba. Karen da jikinsa bai jitu da yawunta ba, cizo kaɗan ya isa ya hana shi barci kwana da kwanaki. Ya kan ciji gindin wutsiyarsa da bayan cinyoyinsa. In ba a ga ƙumar ba, sai a taje gashinsa bisa jiƙaƙƙen farin ƙyalle. Baƙin garin da ya zubo, in ya narke ya yi ja, kashinta ne.

Macen ƙuma ta kan yi ƙwai har 50 a rana, su zube a makwancin kare, cikin mako uku su zama manya in akwai zafi da laima. Don haka wanka kaɗai ba ya kawar da ita. Tilas a share makwancin, a wanke buhu ko tsumman da ya ke kwana a kai, a shanya a rana, a kuma yi wa dukan karnuka da kyanwoyin gidan maganin da likitan dabbobi ya bayar, har wata uku ba fashi.

NA BIYU, ƘAZUWA DA GYAMBO

Ƙazuwar kare ba alaji ba ce. Wani ƙwaro ne da ba a ganinsa sai da madubin likita, ya kan haƙa rami cikin fata, musamman a gefen kunne da gwiwar hannu da ciki. Tana yaɗuwa tsakanin karnuka, tana kuma sa wa mutanen gida ƙuraje masu ƙaiƙayi. In an ga karnuka biyu ko uku suna susa tare, ko yara sun soma, ita za a fara zato. Likita ya kan kankari fata ya duba, amma sau da yawa ƙwaron ba ya faɗawa hannu, sai ya yi magani bisa ga alamu. Tana warkewa sarai.

Haka kuma fatar da aka yage da farce ƙwayoyin cuta su kan shiga ta, ta yi maiƙo da wari da mugunya, kunne ya yi ɗoyi. Sai an warkar da wannan kafin a san iyakar ƙaiƙayin da ya rage.

NA UKU, ABINCI

In an gama da waɗancan susa ba ta daina ba, sai a gwada abinci. Naman shanu, da nono, da kaza, da alkama su ne aka fi samu da laifi. Gwajin jini ba ya nuna wannan. Hanyar da aka tabbatar ita ce a zaɓi nama iri ɗaya da abin ƙoshi iri ɗaya waɗanda karen bai saba ci ba, misali kifi da dankali, a dafa ba miya ba albasa, gama albasa guba ce ga kare. A ba shi wannan kaɗai da ruwa har mako 8. Ƙashi ɗaya ko lomar tuwo da yaro ya jefa masa ta kan ɓata aikin duka, don haka a ɗaure shi ko a killace shi. In ya sami sauƙi, a mayar masa da abincinsa na dā. In susa ta komo cikin kwana 14, to, an kama ɓarawo, sai a raba shi da abin har iyakar ransa.

NA HUƊU, ƘURA DA ISKA

Abin da ya saura shi ne borin da ƙananan ƙwarin ƙurar ɗaki, da fumfuna, da bununin ciyawa ke tayarwa. Ya kan soma tsakanin wata 6 da shekara 3 da haihuwa, kuma a kan gaje shi. Karen ya kan lashi ƙafafunsa, ya goga fuska a ƙasa, hammata da kunne su yi ja. Wani da damina ya ke yi, wani duk shekara. Kada a haɗa shi da ƙaiƙayin gero a masussuka, wanda wanka ɗaya ke kawar da shi.

Wannan ba ya warkewa, lallaɓa shi a ke yi. Wanka sau ɗaya a mako da sabulun da likita ya zaɓa yana rage shi. Ƙwayar firedinisolon tana kwantar da shi da sauri, amma tana sa ƙishirwa da yawan fitsari, in an daɗe a kanta kuwa ta kan raunana jiki. Akwai sababbin magunguna, kamar ƙwayar Apoquel da aka amince da ita a Amurka cikin 2013, da allurar Cytopoint da a kan yi bayan mako 4 zuwa 8, sai dai suna da tsada.

ABIN DA AKA HANA

Kada a shafa wa kare baƙin man mota, ko kananzir, ko maganin feshin gona, ko maganin wankan shanu da ba a auna ba. Suna ƙona fata, kare ya lasa ya mutu, yaron da ya taɓa shi kuma ya kwana a asibiti. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane.

AIKIN HAKIMAI DA MALAMAI

Likita ganin karen rana ɗaya ya ke yi, ba zai san abin da ya wuce ba sai an gaya masa. A nan ne alƙalamin malami ke da amfani. In mai kare ya kawo kuka, a rubuta masa shekarun karen, da watan da susa ta soma, da wurin da ya fi susa, da abin da ya ke ci, da maganin da aka riga aka yi, da ko akwai wani kare ko mutum mai ƙaiƙayi a gidan. Ya tafi da takardar nan asibitin dabbobi mafi kusa.

In ƙazuwa ta bayyana a gidaje da yawa, hakimi ya sanar da ofishin dabbobi da hanzari, ya kuma umarci masu unguwa a tsare karnukan da su ka kamu. A gargaɗi jama'a su yi haƙuri, gama bin matakan nan ya kan ci wata uku ko fiye, wanda ya tsallake ɗaya kuwa sai ya komo ya sake daga farko.