Barci Ma Karatu Ne: Kira ga Ɗaliban Ƙasar Kurfai

Da zarar jarrabawar BEPC ta ƙarato, dare kan zama rana ga ɗalibai da yawa, daga Tabla har Filinge. Zafi ya hana shiga ɗaki, butar shayi na kan gawayi, yaro ya duƙufa kan littafi da hasken tocila har kiran assalatu. Iyaye suna ta sa masa albarka, alhali hasara yake tafkawa.

Tun shekarar 1924 masana biyu na Jami'ar Cornell ta Amurka, Jenkins da Dallenbach, suka gwada alaƙar barci da hadda. Sun sa ɗalibai haddar wasu gaɓoɓi marasa ma'ana, sai suka ga in ɗalibi ya yi barci bayan hadda, ya fi riƙe ta a kan in ya yini ido biyu. A 1994 kuma wasu masana, Wilson da McNaughton, suka gano cewa ƙwaƙwalwar ɓera kan maimaita hanyar da ya bi da rana sa'ad da yake barci.

Dalili shi ne, abin da aka koya yau yakan sauka ne a wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai ajiyar wucin gadi. Kamar dammunan gero ne da aka tara a gona: barci mai nauyi ne ke kwashe su zuwa rumbu. Wanda bai runtsa ba, karatun jiya ya zube, na yau kuma ya ƙi shiga, ga hamma da mantuwa a gaban takardar jarrabawa.

Alarammomi sun daɗe a kan wannan turba. Almajiri ya biya allonsa da dare, ya kwanta, ya tashi da asuba ya sake biyawa, hadda ta zauna daram.

Likitocin barci na Amurka sun ba da shawara a 2016 cewa ɗan shekara 13 zuwa 18 ya riƙa samun awa 8 zuwa 10 a kullum, ɗan shekara 6 zuwa 12 kuwa awa 9 zuwa 12.

Don haka ɗalibai, ku raba karatu kaɗan-kaɗan tun farkon shekara, ku sauke butar shayi tun la'asar. Iyaye kuma, ku karɓi wayar salula bayan isha'i, ku sa yara su kwanta. Mai son ɗansa ya ci jarrabawa, ya tsare masa barcinsa.