Mene ne shimfiɗar nano?

Ana nufin lulluɓe gilashi ko ƙarfe da fallayen sinadari siri-siri, waɗanda ido ba ya gani. Fitacce a cikinsu shi ne garafin, fallen kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, wanda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓamɓaro da salatif a Jami'ar Manchester a 2004.

Shimfiɗa fallayen daidai wa daida shi ne jan aikin. In aka ɗiga ruwan da ke ɗauke da su ya bushe, sai su taru a gefe kamar tabon shayi a tebur. Don haka ake watsa su a saman ruwa, a matso su har su haɗe, sannan a tsoma gilashin a ɗago a hankali, wato dabarar Langmuir da Blodgett da ake amfani da ita tun shekarun 1930.

Masu ƙera batir da allon waya na cikin masu zuba ido a kan wannan fasaha.