Mallakar Gidan Farko a Birnin Kano: Tsakanin Dillali, Doka da Aljihu

A tsarin zamantakewar Bahaushe, gida ya wuce bango da rufi. Da shi ake auna kammaluwar magidanci, kuma kalmar “maigida” kanta tana ɗauke da wannan ma'ana. A da, saurayin da ya yi aure akan yanka masa sashe a cikin gidan gandu, ko dagaci ya ba shi fegi a bayan gari ya gina da tubali da azara. Wannan hanya ta ƙuntata a Kano ta yau. Ƙidayar 1991 ta nuna jihar tana da mutum kimanin miliyan 5.8, ta 2006 kuwa ta kai su kimanin miliyan 9.4, kuma kaso mai yawa na wannan ƙaruwa a birni da kewayensa ya tare. Gidajen gado na cikin ganuwa sun cika, gonakin Hotoro, Rijiyar Zaki, Ɗorayi da Mariri sun zama unguwanni.

Mai neman gidan farko ba da takwarorinsa kaɗai yake gogayya ba. Yana karawa da ɗan kasuwar Kwari ko Singa da ya ɗauki fili a matsayin ma'ajiyar dukiya, domin naira tana zubewa, ƙasa kuwa ba ta ruɓewa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin darajar naira a watan Yunin shekarar, farashin siminti, rodi da kwano ya yi tashin gwauron zabi, masu kuɗi kuma suka ƙara karkata ga filaye. Mai biya nan take shi dillali yake fara kira. Ma'aikacin da ke tara adashi yakan iske an ƙara kuɗin filin kafin kwasarsa ta zo.

Babban ƙulli yana wajen takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mai saye yake samu, ko da a unguwar da gwamnati ta tsara, haƙƙin zama ne da takardar shaidar mallaka take tabbatarwa, yawanci na shekara 99. Dokar ta kuma wajabta neman amincewar gwamna kafin a sayar da irin wannan haƙƙi ko a jinginar da shi, kuma Kotun Ƙoli ta jaddada haka a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Daga nan ne bambancin da Kanawa suke yi tsakanin “awon gwamnati” da “awon igiya” ya samo nauyinsa. Awon igiya shi ne gonar da mai ita ya yayyanka ya sayar, shaidarsa takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Yana da sauƙin kuɗi, shi ya sa talaka yake dosarsa. Amma sau da yawa ba a bar wa titi da magudanar ruwa wuri ba, banki ba ya karɓar takardarsa a matsayin jingina, kuma a nan ne ake yawan samun fili ɗaya da masu saye biyu ko uku. Wato arahar da ta jawo mai ƙaramin ƙarfi ita ce take rufe masa ƙofar bashin da zai yi gini da shi.

Gidan gado yana da nasa tarkon. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Musulunci na Kano suke bi, abokin tarayya a kadarar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a: idan ɗaya daga cikin magada ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna iya karɓe shi su mayar wa mai saye kuɗinsa. Wanda ya sayi irin wannan kaso ba tare da tabbatar da an yi rabon gado ba, yana iya tashi da kuɗin da darajarsu ta ragu, babu gidan.

Ta fuskar bashi, akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma ya ba da rance a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari har tsawon shekara 30. A takarda tsarin yana da kyau. Sai dai yana neman albashi tabbatacce da takardar mallaka ingantacciya, abubuwa biyu da tela, ɗan tireda da mai adaidaita-sahu ba su da su. Bankunan kasuwanci kuwa ruwansu ya haura kashi 20 cikin ɗari. Ga kuma batun riba, wanda yake hana Musulmi da yawa kusantar kowane irin rance mai ruwa, komai ƙanƙantarsa. Bankin Jaiz, da ya fara aiki a 2012, da makamantansa sun kawo hanyoyin murabaha da ijara, amma su ma sai da kuɗin kafin-alƙalami da takardar da doka ta yarda da ita.

Rukunin gidajen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo da gwamnatin jiha ta gina tsakanin 2011 da 2015 sun ƙara yawan gidaje masu tsari, ko da yake farashinsu ya fi dacewa da masu hali.

Saboda haka yawancin magidanta ba sa sayen gida gininne. Fili suke saya a gefen gari, su kewaye shi, su kai gini linta, su dakata shekara ɗaya ko biyu, sannan su rufa ɗaki biyu su tare, alhali suna biyan haya a duk tsawon wannan lokaci. Kangwayen da suka cika hanyar Gwarzo da ta Zariya mafi yawansu ba gine-ginen da aka yasar ba ne. Gidajen farko ne da ake ginawa da albashin wata-wata.