Ƙafar Babur a Doguwar Tafiya: Wadda Ake Gyarawa da Wadda Ake Sakewa

Duk wanda ya taɓa ɗaure kayansa a bayan babur da asuba, ya yi sallama da iyalinsa, ya nufi garin da nisansa ya kai a yi kasaru, wato mil 48 bisa ga mazhabar Imamu Malik, ya san akwai wata sa'a da gaban matafiyi yakan faɗi, sa'ar da zai ji bayan babur ya fara lilo a ƙarƙashinsa, alhali garin da ya baro ya ɓace, wanda ya nufa kuwa ko hasumiyar masallacinsa bai hango ba. Mai mota, idan haka ta same shi, yana da ƙafa ta biyar a ajiye, sai ya kwance ya ɗaura ya wuce; mai babur kuwa biyu gare shi, kuma nauyinsa, da na wanda ya goya, da na buhun da ya ɗaure, duk suna bisa wurare biyu ne da ke taɓa ƙasa, kowannensu bai wuce faɗin tafin hannu ba. Tun da yake a yau babur ya gaji aikin doki da jaki a yawancin ƙasar Hausa, shi ke cin kasuwannin ƙauye, shi ke kai majinyaci asibiti, shi ke sada zumunci, ya zama wajibi ga mahayinsa ya san hukuncin ƙafarsa kamar yadda magabata suka san kofaton dabbobinsu.

Abin da muke kira ƙafa a dunƙule, abubuwa biyar ne aka haɗa, kuma rashin rarrabe su shi ke sa mutum ya sayi maganin ciwon da ba shi ke damunsa ba. Akwai taya, baƙar robar da ke taka ƙasa. A cikinta akwai tub mai riƙe iska. Sai rim, zoben ƙarfen da taya ke zaune a kansa. Sai wayoyin nan da makanikai ke kira sifok, waɗanda a yawancin ƙananan babura 36 ne, suna ɗaure rim da cibiya. Sai ita cibiyar, inda boris yake, da birki, a ƙafar baya kuma har da faifai mai haƙora wanda sarƙa ke ja. Wasu baburan zamani ba su da sifok, rim ɗinsu zubin alminiyom ne, tayarsu ma sau da yawa ba ta da tub, kuma hukuncinsu daban ne.

Ba tun fil azal ake iya gyaran taya a bakin hanya ba. A shekarar 1887 ne wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop ya yi wa keken ɗansa taya mai iska a birnin Belfast, amma tayoyin farko manne su ake yi a jikin rim, sai a ɓata sa'o'i kan huda guda. A 1891 kuma 'yan'uwan nan biyu na Faransa, André da Édouard Michelin, suka fito da tayar da ake cirewa a mayar, wadda matafiyi ke cin moriyarta har yau. Kamfanonin da ke ɗauke da sunayen mutanen nan sun daɗe suna yin taya a Nijeriya, Michelin a Fatakwal, Dunlop a Ikko, kafin su rufe masana'antunsu a 2007 da 2008. Abin da ya cika kasuwa yanzu daga ƙetare yake zuwa, nagari da mugu a rumfa guda, saboda haka lalle ne mai saye ya iya karanta rubutun da ke gefen taya. Idan ka ga 2.75-17, ma'anarsa faɗinta inci 2.75 ne, kuma rim mai inci 17 take hawa, ba za ta zauna a kan mai inci 18 ba ko da an yi mata dole. A tayoyi da yawa akwai lambobi huɗu da ke faɗin ranar haihuwarta: 2321, alal misali, mako na 23 ke nan na shekarar 2021. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, zafin rana irin namu kuwa yana gaggauta mata tsufan.

To, idan ƙaddara ta faɗa, iska ta fita ana cikin gudu, abu na farko da zuciya za ta umarce ka da shi shi ne danne birki, kuma shi ne abin da ya fi kayar da mutane. Daidai shi ne ka riƙe kan babur da kyau, ka sassauta totur sannu a hankali, ka bar gudu ya mutu da kansa, in ya zama dole ka taɓa birkin ƙafar da ke da lafiya kaɗai, har ka gangara gefen hanya. Da zarar ka tsaya kuma, ka sauka ka tura.

Wannan nasiha ta ƙarshe da jikina na saye ta. Wata shekara na tashi daga Kano zuwa Damagaram ta Kazaure da Daura, na ƙetare iyaka a Kwangwalam, da na wuce Matamai sai na saki kwalta na bi wata hanyar rairayi don in gai da wani malamina a ƙauye, a nan ƙayar aduwa ta sami tayata ta baya. Ganin rana ta take, sai na ƙi sauka, na lallaɓa a kanta babu iska har na iso wata 'yar kasuwa, inda na tarar da wani dattijo mai faci a gindin darbejiya, da kwanon ruwa a gabansa da famfon hannu. Ya kwance ƙafar, ya jera notuna da zobba a kan tsumma bi da bi yadda ya cire su, ya sa liba ya ɓanɓare gefe ɗaya na tayar, ya zaro tub, ya hura masa iska ya nutsa shi cikin ruwa, muna kallon kumfa tana tasowa daga wuri uku: ɗaya hudar ƙaya, biyu kuwa cizon rim ne, wato laifina. Ya goge kowane wuri da takarda mai yashi har ya yi kaushi, ya shafa gam siriri, sa'an nan ya naɗe hannu ya zauna. Na ce, "Baba, rana tana yi mini." Ya ce, "Ɗana, gam ɗanye ba ya kamawa. Ka bari ya sha iska har ya daina ƙyalli." Bayan kamar minti biyar ya manna, ya murje da gindin sifana, sa'an nan ya zura yatsunsa cikin tayar yana shafawa a hankali har ya tsinto tsinin ƙayar, ya ɗora mini a tafin hannu, domin wanda ya yi faci bai cire ƙaya ba, ba zai yi nisa ba zai sake tsayawa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hukuncin da ya yanke a ƙarshe. Ya nuna mini inda rim ya yanki gefen tayar har zaren ciki ya bayyana, ya yanko guntun tsohuwar taya ya shimfiɗa ta ciki don kada tub ya leƙo, ya ce, "Wannan aiki nawa taimama ce. Zai kai ka Damagaram in Allah ya yarda, in ka tafi a hankali. Amma in ka isa, ka ga ruwa." Haƙiƙa ban taɓa jin an taƙaita ilmin gyaran hanya kamar haka ba, gama larura takan halatta abin da ba a yarda da shi ba a lokacin yalwa, amma gwargwadon larurar, kuma da gushewarta sassaucin ya gushe.

A kan wannan ma'auni za a ɗora sauran dabarun matafiya. Wanda tub ɗinsa ya yage a dajin da babu mai faci yana iya cusa ciyawa ko tsummoki cikin taya har ta yi tauri, ya tafi da gudun da bai wuce na keke ba zuwa gari mafi kusa. Wanda sifok ɗaya ko biyu suka tsinke masa, sai ya naɗe su a jikin maƙwabtansu da waya don kada su shiga sarƙa ko su huda tub, ya rage kaya. Rim na ƙarfe da rami ya lotsa bakinsa ana iya buga shi a hankali ya koma, a sa katako tsakaninsa da guduma. Mai taya marar tub kuwa, idan ƙusa ta shiga ta tsakiyar inda ke taka ƙasa, akwai igiyar roba mai danƙo da ake cusawa a hudar ba tare da an kwance ƙafa ba. Dukkan waɗannan na kai wa gari ne.

Idan rim ya karkace yana rawa hagu da dama, gyaransa aikin haƙuri ne. A kafe babur, a juya ƙafar, a riƙe alli kusa da rim don ya shata inda ya kauce, sa'an nan a ɗaure sifok na ɓangaren da ake son rim ya koma, a sassauta na ɗaya ɓangaren, rubu'in juyi kawai kowane karo, a sake juyawa a duba. Kunne ma yana da aiki a nan, domin idan ka bi sifok ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa da sifana, mai ɗauri zai yi ƙara tsaf, sakakke kuwa sai ya amsa a dushe, kuma sakakke guda shi ke ɗora wa 'yan'uwansa nauyi har su bi shi.

Akwai kuma illolin da ba su karɓar gyara ko kaɗan, sai sakewa, kuma a nan ne tsimin kuɗi yake zama ganganci da rai. Tayar da gefenta ya yanke, ko ta yi ƙulu kamar ƙwai, ko zanenta ya shafe. Tub da ya yage a gindin bawul ko faci ya hau kan faci. Rim da ya tsage, musamman na alminiyom, wanda bugu ke ƙara masa tsaga, walda kuma ba ta mayar masa da ƙarfinsa na asali. Boris da ya mutu, wanda za ka gane shi idan ka kama ƙafar ka girgiza ta gefe da gefe ka ji tana motsi, ko ka ji tana gurnani in tana juyawa: duk waɗannan, araha a kansu ba ta ado.

Wanda zai sayi ƙafa sukutum a garin da ba nasa ba, ya tafi da tsohuwar a hannu, ya gwada girman rim, da kaurin sandar da ke ratsa cibiya, da mazaunin birki, da ramukan faifan sarƙa, gama babura suna kama da juna a ido su saɓa a awo. Wajen ɗaurawa a lura da kibiyar da ke gefen wasu tayoyi mai nuna inda za su juya. A tabbata robar da ke rufe kawunan sifok a cikin rim tana nan. A ɗan hura wa tub iska kafin a sa shi don kada liba ta cije shi. A daidaita notunan jan sarƙa na dama da na hagu bisa alama guda, a bar wa sarƙar sassaucin kamar faɗin yatsa biyu. A ɗaure babban noti tamau a mayar masa da ƙusar da ke tsare shi. A sa iska gwargwadon abin da kamfanin babur ya rubuta, wanda a yawancin ƙanana yakan faɗa tsakanin 25 da 32 a ma'aunin masu faci, na baya ya fi na gaba. Kada a hau sai an gwada birki.

Malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya kore riƙon sababi, kuma sababin mai babur ba shi da nauyi: tub guda sabo, liba biyu, gam da faci, ƙaramin famfo, sifanar da ta dace da notin ƙafa, filaya, 'yar waya, tocila da gorar ruwa, dukkansu jaka guda ta ɗauke su. Ya kai mai karatu, kafin tafiyarka ta gaba ka kwance ƙafar baburinka a gida sau ɗaya a gaban makanike, ka mayar da ita da hannunka, don kada ranar farko ta koyonka ta zama a daji da almuru. Idan kuma yanzu haka kana yawo a kan gyaran larura da aka yi maka tun watan jiya, to, ka isa gari tuntuni. Ka je ka sake ƙafar yau, domin ranka da na wanda kake goyawa amana ne a wuyanka. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya.