EMDR: Yadda ake maganin firgici ta hanyar motsa idanu

Likita ya ɗaga yatsu biyu a gaban majinyaci, yana kai su dama yana dawo da su hagu. Majinyacin na bin yatsun da ido, yana tuno abin da ya fi firgita shi a rayuwa: hatsarin mota, harin ƴan bindiga, ko abokin tafiya da ƙishirwa ta kashe a sahara. Bayan ƴan daƙiƙu sai a tsaya, a tambaye shi abin da ya faɗo masa a rai, sannan a sake.

Wannan hanya ita ake kira EMDR. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam ƴar Amurka, Francine Shapiro, ce ta ƙirƙiro ta. A 1987 tana yawo a wani lambu ta lura cewa tunanin da ke damunta na raguwa idan idanunta na kai da kawowa da sauri. A 1989 ta wallafa bincikenta na farko.

A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sanya EMDR cikin hanyoyin da ta amince da su wajen jinyar ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan abu, wanda alamunsa suka haɗa da mugayen mafarkai, razana da gudun duk abin da zai tuno da lamarin. A fannin fargaba da ciwon damuwa kuwa, hujjojin ba su kai wannan ƙarfi ba tukuna.

Masana na ci gaba da muhawara kan sirrin aikinta. Wasu na ganin bin yatsa da ido na shagaltar da ƙwaƙwalwa, sai hoton abin da ya faru ya dusashe, zafinsa ya ragu. Wasu kuma na cewa fuskantar tunanin a gaban ƙwararre shi ne ainihin maganin.

Sai dai motsa idon ɓangare ne kawai. Jinyar na da matakai 8, kowane zama na ɗaukar minti 60 zuwa 90. Kafin a taɓa ciwon, likita kan saurari tarihin mutum, ya koya masa dabarun kwantar da hankali. Yayin aikin, majinyaci na auna damuwarsa daga 0 zuwa 10 har ta sauka.

Shi ya sa bin bidiyoyin da ke yawo a intanet don yi wa kai EMDR ke da haɗari: mutum na iya tono abin da ya fi ƙarfinsa, babu mai taimaka masa ya natsu.

Matashin da ya dawo daga Libiya ba ya iya barci, ko wanda ya tsere wa harin ƴan bindiga a jihar Maraɗi, abin da ya fi masa shi ne ya fara da ganin likitan ƙwaƙwalwa. Na ƙasashen waje kuma su tabbatar wanda zai yi musu jinyar ya samu horo a kai.